Ranar da Na Ce Nani Ta Yarda

Ba zan tsaya kan yadda na bar Zariya ba. Mijina ne ya kawo ni New York, yana tuƙin tasi, kuma ban cika shekara a garin ba Allah ya karɓi abinsa. Da na fita takaba sai na ga ɗakin da muke ciki ya fi ƙarfina. Daga nan tawa tafiyar ta fara. Labarinta zan bayar, domin akwai abin da na aikata a cikinta wanda har yau ban iya sauke shi ba.

Masaukin da na samu a unguwar Mount Hope ne, a hawa na biyar, wurin Mma Fati. 'Yar Kumasi ce, matar abokin mijina ta dā, ta fi shekara ashirin a nan tana aikin kula da tsofaffi. Hausarta ta mutanen Zango ce, a bakinta kowa "kai" ne, mace da namiji. Ta ba ni katifa, ta bar ni na yi kuka mako biyu. A mako na uku ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

"Kai Sa'a, ya isa haka. Marigayi ya huta, kai ne ba ka huta ba. Tashi ka wanke fuska ka je Fordham ka nemi aiki."

Na tafi Fordham Road. Na shiga shaguna da yawa, aka ce mini babu, na fito. Sai na shiga wani shagon akwatuna da turare na wani Ba'indiye. Mutumin nan ya miƙe tsaye da ya gan ni. Ya sa aka ba ni kujera da ruwa. Ya tambayi ƙasata, ya tambayi iyalina, da na ce mijina ya rasu sai ya dafa ƙirjinsa. Sannan ya karkaɗa kansa gefe da gefe, irin yadda muke gani a finafinansu tun muna yara, ya ce, "Ki dawo ran Litinin, 'yar'uwa, mu ga abin da za a iya yi."

Na koma gida da murna. Na ce wa Mma Fati na samu. Na wanke baƙin takalmina, na goge mayafi.

Litinin ta farko ya ce yana ƙoƙari. Ta biyu ya ce ɗan'uwansa da suke shagon tare bai dawo daga tafiya ba. Ta uku ya ba ni shayi da biskit, ya ce in ƙara haƙuri. A ta huɗu, ina fita, sai matar da ke zaune kan na'urar kuɗi ta biyo ni har bakin titi. Ita ma Ba'indiya ce, ba ta taɓa yi mini magana ba sai ranar.

"Kada ki sake zuwa," in ji ta. "Babu aiki. Tun ranar farko ya gaya miki."

Na ce bai gaya mini ba, cewa ya yi in dawo Litinin.

"Shi ne ya gaya miki. A wurinmu ba a duban matar da mijinta ya mutu a ce mata a'a. Jira yake yi ki gane, ke kuma kina ta zuwa, kunya ta kusa kashe shi."

Na kama hanya raina a ɓace. Amma kafin in kai titin Grand Concourse fushin ya koma kaina. Na tuna mahaifina. Idan wani ya zo aron kekensa, ba ya cewa ba zai bayar ba, sai ya ce, "To, bari mu ga yadda gobe za ta kasance." Kowa a unguwarmu ya san keken nan ba zai fita ba. Da a gida ne, da tun kalmar farko na gane. Turancin ne ya toshe mini kunne. Na ɗauka duk wanda ya yi magana da Turanci abin da ya faɗa shi yake nufi.

Daga baya Mma Fati ta kai ni kamfanin da ke tura mata gidajen tsofaffi. Na yi horo na 'yan makonni, aka ba ni takarda. Mai rarraba mu gidaje wata Madam Rekha ce, mai fara'a, kullum waya biyu a gabanta. Ta dube ni ta ce akwai wata tsohuwa a Staten Island, mutuniyar kirki, sai dai wurin da ɗan nisa. Da na gaya wa Mma Fati sai ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ɗan nisa! Sun ba ka abin da kowa ya ƙi, sabon shiga. Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sai dai raƙumi ne babu."

Haka kuwa aka yi. Da na idar da sallar asuba sai in sauko hawa biyar, in shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, in shiga jirgin ruwa zuwa St. George a Staten Island, sannan in hau tudu da ƙafa. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Ranar farko a kan ruwa na riƙe ƙarfen kujera ina ta salati, na kusa da ni yana cin burodi yana karanta jarida.

Tsohuwar, jikokinta suna kiranta Nani, ni ma haka na kira ta. Ba'indiya ce, ƙarama, fara, gashinta duk furfura har gadon baya. Ita kaɗai take zaune a hawa na biyu tun rasuwar mijinta. 'Yarta ɗaya, Mira, haifaffiyar nan, tana aure a New Jersey, tana zuwa ran Lahadi. Turancin Nani guntu-guntu ne, nawa ma haka, sai muka daidaita. Tana ce mini "beti", wato 'yata.

Ban yi wata guda ba na gane cewa darasin Fordham Road somin-taɓi ne. Nani ba ta taɓa cewa ba ta so. Idan na kawo miyar da ba ta yi mata ba, sai ta ɗanɗana ta ce, "Ta yi daɗi ƙwarai, ajiye mini, anjima zan ci." Wannan miya ta tafi ke nan. Idan na ce mu fita mu miƙe ƙafa ta ce, "Bari rana ta ƙara fitowa," to ranar ba fita. Mira ta sayo mata wata rigar sanyi shuɗiya, ta shafa ta, ta yaba, ta ce a adana mata sai babbar rana. Har ta bar gidan ba ta saka ta ba. Abin da take so kuwa, shi take ƙi da sauri. In na ce in ƙara mata shinkafa, sai ta ɗaga hannu, "A'a, a'a." In sake tayi, ta ce a'a. A na uku sai ta turo kwanon. Wannan bai ba ni wuya ba, haka kakata take yi a gidan suruki.

Ita ma ta karance ni. Ta lura ba na iya cewa ina son yin salla, sai ta sa aka janye wani teburi a kusurwar falo, ta shimfiɗa mini farin zane. Da azahar ta yi sai ta dubi agogo ta ce, "Beti, Allahnki yana jira." Ba ta cin nama, ni ma na daina shiga gidanta da shi. Ta koya mini shayinsu na madara da citta. Ranar da mijina ya cika shekara biyu da rasuwa ban faɗa mata ba, amma ta ga idona, ta riƙe hannuna har shayin ya huce.

Akwai taga a falon da ke kallon ruwa. A bakinta akwai tukunyar wani ganye mai kama da ɗoɗɗoyarmu, wanda suke girmamawa a addininsu. Kowace safiya da kanta take ba shi ruwa, ko da hannunta na rawa. Daga nan sai ta zauna tana kallon jiragen ruwa suna kai da kawowa. Ta ce mijinta a jirgin nan ya yi ta zuwa aiki har ya yi ritaya, kuma daga tagar take gane shi cikin taro saboda hularsa. Ta ce yanzu ni take nema a cikin taron, da mayafina.

Na yi shekara biyu da rabi ina wannan hanya. Gwiwata ta hagu ta fara kumbura. Hawa biyar na gidanmu, matattakalar jirgin ƙasa, tudun St. George, duk suka taru a kanta. Na je wurin Madam Rekha na roƙi a canza mini wuri kusa da gida. Ta karkaɗa kai ta ce za ta duba. A lokacin na riga na san ma'anar wannan, amma na koma sau biyu. A na uku ta rage murya ta ce akwai wani dattijo a Grand Concourse, tafiyar minti goma daga gidanmu, sai dai iyalin Nani sun ce ni suke so, kuma muddin Nani tana gidanta abin zai yi ɗan wuya. Na yi godiya na fito. Ban gaya wa Nani komai ba. Ta sha tambayata me ya sami ƙafata, in ce ba komai.

Sai wata Asabar, ranar da ba na zuwa, Nani ta faɗi a banɗaki. Ba ta karye ba, amma ta daɗe a ƙasa kafin maƙwabciya ta ji ta. Mira ta tsorata. Ta nemo wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita a New Jersey, ta kai Nani ta gani. Da suka dawo na tambaye ta yaya wurin. Ta ce, "Tsaf-tsaf yake." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Tun da hankalinta garau yake, dole sai wata ma'aikaciya ta zo ta ji daga bakinta cewa ta yarda. Ana gobe za ta zo, ina shafa wa Nani man kwakwa a kai, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Gobe za su zo da takarda. Mira yarinyar kirki ce, ta gaji. Ba zan sa ta kuka a gaban baƙuwa ba."

Na ci gaba da taje gashin.

"Ke kin san maganata, beti."

Na ce, "Na sani, Nani."

Washegari iska ta tashi mai sanyi. Jirgin ruwa ya kuɓuce mini ina ganinsa, saboda na kasa gudu. Na jira na gaba. Tudun nan sai da na tsaya sau uku kafin in kai. Na tarar da Mira da ma'aikaciyar, wata Baturiya mai ƙaton fayil, sun riga ni. Ba don in wanke kaina nake faɗar wannan ba. Ina faɗa ne don a san abin da ke raina lokacin da na shiga.

Baturiyar ta yi bayani a hankali, ta maimaita. Sannan ta ce, "Kin yarda ki koma can?"

Nani ta karkaɗa kai ta yi murmushi. "Wurin yana da kyau ƙwarai. Mira ta san abin da ya fi. Bari sanyi ya wuce mu gani."

Matar ta dubi takardarta. Gurbi biyu ne kawai a ciki. Ta ce, "Yi haƙuri, e ko a'a nake buƙata."

"Duk yadda kuka gani," in ji Nani.

Matar ta dubi Mira. Mira ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta, ta ce, "Sa'a ce take tare da ita kullum. Ta fi ni sanin yadda take magana."

Sai matar ta juyo gare ni. Nani ma ta juyo. Ba roƙo a idonta, natsuwa ce kawai, irin ta wanda ya riga ya bar saƙo a hannun amintacce.

Na san amsar kamar yadda na san sunana. Shekara biyu da rabi ina zubar da miyar da aka ce za a ci anjima. Abin da ya zo mini a rai kuwa shi ne tafiyar nan ta minti goma.

Na ce, "Ta yarda. Haka take cewa e."

Matar ta saki ajiyar zuciya, ta miƙa wa Nani biro. Nani ba za ta iya barin hannun baƙuwa a miƙe ba. Ta karɓa, ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. Da ta gama ba ta dube ni ba. Ta ce, "Beti, ba a ba baƙuwa shayi ba." Na shiga kicin na dafa, na kawo.

Mako biyu muka yi muna haɗa kaya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana gaya mini wace tukunya za a ba maƙwabciya, wane zane za a kai wa Mira. A ranar ƙarshe ta ce tagar ɗakin can wurin ajiye motoci take kallo, rana ba ta shiga, sai ta ɗora mini tukunyar ganyen a hannu. Ta ce, "Za ki riƙa zuwa?"

Na ce, "In sha Allahu zan ƙoƙarta."

Ta dube ni, ta karkaɗa kai, ta yi ɗan murmushi. "To. Kada ki wahalar da gwiwarki."

Na shigo Mount Hope da tukunyar a rungume. Mma Fati ta tare ni a ƙofa.

"Kai, mene ne wannan? Ka gama aiki ka kwaso mana abin bautarsu?"

Na ce ganye ne, ɗoɗɗoya ce. Na ajiye a taga, na zauna, na gaya mata duk abin da ya faru. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Ka je wurin Nani ka gan shi. Kada ka bari ya daɗe."

Na ce mako mai zuwa. Na fara aiki wurin dattijon Grand Concourse. Mako mai zuwa ya zama wata uku. Ba nisa ne ya hana ni ba, na saba da nisa.

Wata Asabar na shiga mota na tafi. Wurin tsaf-tsaf yake, kamar yadda ta ce. Na same ta a kujera kusa da gado, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. An yanke mata gashi don sauƙin wanki. Ga tiren abinci a gefe, ba a taɓa ba. Nas ɗin da ta rako ni ta ce, "Ba mu da mai daɗin hali kamarta. Ba ta taɓa ƙorafi ba. In ta ce ta ƙoshi sai mu ƙyale ta, ba ma tilasta wa kowa."

Na ce mata idan ta ce a'a a sake yi mata tayi, har sau uku. Ta ce za ta rubuta. Na ga yawan ƙofofin da ke layin nan, na san ba laifinta ba ne.

Na ɗauki cokali. Nani ta ɗaga hannu, "A'a, a'a." Na sake. Ta ce a'a. A na uku ta buɗe baki. Cokali biyar ta ci. Ta tambayi ganyen, na ce ya yi sabon toho. Ta tambayi gwiwata, na ce da sauƙi. Ta ce madalla.

Na durƙusa a gabanta kamar yadda zan durƙusa wa mahaifiyata. Na ce, "Nani, ranar nan na san abin da kika ce. Na faɗi wani abu daban. Ki yafe mini."

Ta ɗora hannunta a kaina, ta gyara mini bakin mayafi. Muryarta a tausashe ta ce, "Kin sha hanya, beti. Za mu yi wannan maganar wata rana."

Na tsaya a durƙushe ina jira ko za ta ƙara wani abu. Ta juya tana kallon motocin da ke waje. Da a'a ta ce da sauri, da na sake roƙo, na sake. Amma ba haka ta ce ba, kuma ni na san maganarta.

Bayan mako shida Mira ta kira ni da rana, ina tsaka da yanke wa dattijon farce. Ta ce Nani ta rasu da safe. Na yi mata ta'aziyya da ɗan Turancin da nake da shi. Ta yi godiya, ta ce mahaifiyarta tana ƙaunata. Ban kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba.

"Sa'a," in ji ta, "ranar nan, ta yarda ɗin, ko?"

Bakina ya riga ya shirya abin da zai ce, cewa Allah ne ya san zuciyar kowa, cewa lokaci ne ya yi. Na haɗiye shi.

Na ce, "A'a. Ba ta yarda ba."

Na ji numfashinta a waya. Ta ce, "Na sani. A hannunta na girma. Shi ya sa na ce a tambaye ki, don ba zan iya faɗa da bakina ba."

Muka ajiye waya. Ba ta sake kirana ba, ni ma ban kira ta ba.

Ganyen yana nan a tagarmu. Mma Fati ta daina tsokanata a kansa, ranar da na makara ma ita take ba shi ruwa. Na tambayi wani malami a masallacinmu yadda mutum zai yi da haƙƙin wanda ya riga ya tafi, ya ce in yawaita istigfari, in kyautata wa tsofaffin da ke hannuna. Ina yi. Dattijon da nake kula da shi mutumin Ghana ne, in ba ya so sai ya ce ba ya so, har da tsawa, ni kuwa sai in sake yi masa tayi, ya ce wai ni kurma ce.

Kowace safiya ina saukowa hawa biyar, in bi Grand Concourse da ƙafa. Minti goma ne cif, kamar yadda Madam Rekha ta ce. Gwiwata ta warke sarai.